Saƙa da kaɗi a hanyar zuwa aiki

Duk wanda ke zaune a babban birni ya san akwai wani yanki na ranarsa da hanya ke cinyewa. Ka fito da sassafe ka tsaya a tasha, ka samu bas ko jirgin ƙasa ka shiga, ku tafi ku tsaya ku tafi ku tsaya, da yamma kuma a sake sabon lale, ga cunkoso ga gajiya. Yawancin mutane waya suke dannawa har su sauka. Ni dai saƙa nake yi da wannan lokacin, wani zubin kuma kaɗi, eh kaɗi da mazari, kuma tambayar da aka fi yi min ita ce wai ya ake yi abu bai ɓaci ba da wannan girgiza da burkin da ake takawa ba shiri? Yana yiwuwa sarai, sai dai hanya tana da nata sharuɗɗan, in ka bi su ka ji daɗi in ka ƙi ka sha wahala.

Abin da nake so mutane su fara ganewa shi ne wannan aikin tun asali ba na zaman kujera ba ne. Mu ne yanzu muke masa kallon abin da sai an natsu a ɗaki an miƙe ƙafa. A tsaunukan Andes, can ƙasashen Peru da Bolibiya, har gobe mata suna tafe suna kiwo mazari na juyawa a hannunsu, gashin tumaki ko na alfaka a naɗe a wuyan hannu, suna tafiya suna hira zare na fita. A da can a tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan mata kan ɗaura wata ɗamara ta fata a ƙugu wadda aka cusa wa gashin doki aka huhhuda ta, sai su soke tsinke ɗaya a jiki ya tsaya da kansa, ga kwando a baya cike da abin hura wuta ga hannu yana saƙa, a haka ake tafiya. Gandhi ma da aka tsare shi a kurkukun Yerwada da ke Pune a Indiya wajen 1930, ai keken kaɗi ya yi amfani da shi wanda ake ninkewa ya koma ɗan akwati, a ɗauka a tafi da shi duk inda za a je. Kafin keken kaɗi ya bayyana, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin zanensa da ake da su an yi shi ne a Bagadaza a 1237, duk wani zare da ɗan Adam ya saka tun daga rigar jariri har ƙyallen da iska ke tura jirgin ruwa da shi, da hannu aka kaɗa shi, mafi yawa da mazari. Ku auna yawan zaren nan. Ba yadda za a yi a same shi in da sai an zauna an keɓe lokaci, dole a tsakanin wasu ayyuka aka yi shi, ana tafe, ana jira, ana raino. Injina ne suka zo suka karɓe aikin, William Lee ya ƙera injin saƙa safa a 1589, James Hargreaves ya fito da injin kaɗi mai mazarai da yawa wajen 1764, daga nan a hankali abin ya koma sha'awa. To wanda ya fito da tsinke a cikin bas ba sabon abu ya ƙirƙiro ba.

Sharaɗi na farko, ka ɗauki aikin da hannunka ya haddace. Duk saƙar da sai ka duba takarda kowane layi, ko kana ƙirge a zuci ɗaya biyu uku a juya, bar ta a gida. Hanya ba ta jiran ka gama ƙirge, za a taka burki, wani zai ce matsa in wuce, za a kira sunan tasharku kana tsakiyar layi. Shi ya sa a wurina babu kamar safa. Ƙarama ce, tana shiga aljihun jaka, ba ta zubowa kan cinyar maƙwabci, kuma in ka cire dunduniya da kan yatsu sauran duk zagaye ne kawai kake ta yi iri ɗaya. Zaren safa siriri ne, akasari ana haɗa ulu kashi 75 da nailan kashi 25 don kar dunduniya ta huje da wuri, dunƙulen giram 100 yana kai mita 400 ko kusa, kuma ya ishi babban mutum safa ƙafa biyu. Tsinke mai kaurin milimita 2.25 ko 2.5, ido, wato 'yan zobban zaren da ke jere a kan tsinke, 60 zuwa 64 a zagaye. In ka lissafa za ka ga ƙafa biyun sun haura ido dubu 20, abin da in aka ce ka zauna ka yi shi a zama ɗaya sai ka ji ya yi maka yawa, amma da yayyafi kogi kan cika, zagaye goma yau sha biyar gobe sai ka ga safa ta sauka. Wuraren da ke son natsuwa, wato juya dunduniya da rufe kan yatsu, su nake bari sai na koma gida, in na ga na kusa kaiwa wurin da daddare nake gamawa don gobe in fita da abin da ba ya buƙatar tunani. Kuma abin sha'awa, tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka samu a duniya safa ce, a Masar, ta auduga fari da shuɗi, tun tsakanin ƙarni na 11 da na 13.

Hula ma tana da kyau, haka safar hannu. Suwaita kuwa farkonta ne kawai ke shiga mota, ko hannunta, da ta fara nauyi ta zama ta gida.

Maganar tsinke kuma, dogayen nan guda biyu miƙaƙƙu ba na hanya ba ne sam. Ƙarshensu yana fita gefe yana zungurar wanda ke kusa da kai, kuma in ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin kujeru shi ke nan tafiya ta ƙare ba saƙa. Mai zagaye shi ne magani, wato gajerun tsinkaye biyu da wata siririyar igiyar roba ta haɗa su, ba wanda zai faɗi ya bar ɗan'uwansa, nauyin aikin yana kan cinyarka, in za ka sauka sai ka tura idanun tsakiyar igiyar ka cusa a jaka ba abin da zai zube. Da guda ɗaya mai tsawon santimita 80 ko 100 ana saƙa safa, a raba idanun gida biyu a jawo rarar igiyar ta gefe. Wasu sun fi son ƙananan tsinkayen nan huɗu ko biyar masu baki biyu, kuma ban ce ba su da daɗi ba, amma a mota kullum akwai guda ɗaya da ke sake a hannu yana neman hanyar faɗuwa. Na katako ko na gora sun fi na ƙarfe riƙe ido, na ƙarfe santsi gare shi, gudu yake ba ka amma girgiza ɗaya ido uku sun zame. Sannan yanda kake riƙe zare ma yana da tasiri, masu riƙewa a hannun dama suna jefa shi kan tsinke, salon da aka fi sani da na Ingila, hannunsu ya fi motsi gwiwar hannu na fita waje. Masu riƙewa a hagu suna tsinto zaren da bakin tsinke, motsin bai wuce yatsu ba, a kujerar da aka matse wannan ya fi zama lafiya. Ba dole sai ka canza salonka ba amma ka koyi manne gwiwar hannu a jiki.

Dunƙulen zare a bar shi cikin jaka, kuma a jawo bakin zaren daga tsakiya ba daga waje ba, don na waje birgima yake yi duk jan da ka yi, yanzun nan ya yi tsalle ya fita ya bi ƙasan mota da kowa ya taka. Jakar ta zama mai zuge ta igiya, zif yana cin zare. Almakashi ba na ɗauka, abin yanke farce ya wadatar. Launi mai haske ya fi saboda fitilar cikin mota da daddare ba ta da ƙarfi, baƙi da shuɗi mai duhu ba ka ganin ido sai ka ƙura.

Akwai wanda da ya sunkuyar da kai a mota jiri da tashin zuciya ke kama shi, dalili kuwa ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune kake wuri ɗaya, cikin kunne kuma yana cewa tafiya ake yi, sai jiki ya rikice. Nan ma saƙar da hannu ya haddace ce ke taimako, don kana iya ɗaga kai ka kalli hanya ta gaba yatsu na aikinsu, sai jefi-jefi ka leƙa. Zauna kana fuskantar inda aka nufa, ka guji kujerar can baya inda tsalle ya fi yawa. Jirgin ƙasa ya fi bas sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma duk da haka abin bai bari ba to a haƙura a yi a tasha lokacin jira. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, ba na saƙa a kujerar gaba ta ƙaramar mota, jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo da ƙarfi take fitowa, ba na son tsinke ya kasance tsakanina da ita. Haka in a tsaye nake an cika maƙil, hannu na riƙe ƙarfe ne, saƙa ta zauna a jaka.

To yanzu kaɗi, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina kuma shi ne mutane suka fi tsayawa kallo. Ɗauki ɗan ulu ko auduga da aka shiɓe ka ja, rabuwa zai yi ba wani ƙarfi. Murɗa shi ka sake ja, sai ka ji ya tsaya. Murɗin nan shi kaɗai ke riƙe zare, yana matse silin gashin jikin juna har su kasa zamewa, ba gam ba ƙulli. Aikin mazari kawai ya zuba murɗi, gululun da ke jikinsa yana ba shi nauyin da zai daɗe yana juyawa, hannunka kuma yana jan sutu yana sirantar da shi daidai kaurin da kake so. In murɗi ya yi kaɗan zare ya saɓule mazari ya faɗi. In ya yi yawa zare ya yi tauri yana nannaɗewa, kuma da yake murɗi wurin da ya fi siranta yake gudu ya taru, a nan yake tsinkewa. Duk gwanintar kaɗi a tsakanin waɗannan biyun take, kuma yatsu ne ke koyonta ba karatu ba.

Matsalar mota ita ce mazarin da ke rataye yana son fili a ƙasa, kana kaɗi yana sauka, a zaune kuwa daga ƙirji zuwa ƙasa ba wani tsawo, ga shi yana lilo duk kwanar da aka sha yana bugun ƙafar mutane. Dabarar da nake yi ita ce wadda ake koya wa sabon shiga, raba aikin biyu. Na matse bakin sutu da yatsu, na murza mazari da ƙarfi murɗi ya taru a ɗan guntun zaren da ke sama da shi, sai na cafke shi na matse tsakanin gwiwoyi. Yanzu hannu biyu duk a sake suke, sai in ja sutu a hankali in saki murɗin ya hau, in ja in saki, har ya ƙare, in naɗe abin da na samu a jikin mazari in sake murzawa. Gurbin da ke tsakanin gwiwa da ƙirji ya isa. Wasu suna raina wannan salon wai na koyo ne, ni kam a bas ban ga abin da ya fi shi ba, ko an taka burki mazari na nan a matse ba inda za shi. In na sauka ina jiran wata motar a tsaye, a nan nake sake shi ya rataya ya yi juyinsa yanda ya ga dama.

Mazarin da ya fi dacewa da hanya a ganina shi ne irin na Turkiyya, wanda maimakon gululu yake da 'yan katako biyu da aka gicciya, sandar ta ratsa tsakiyarsu. A kan katakon kake naɗe zare, in ya cika ka zare sandar ka zame katakon, sai ga dunƙule a hannunka a shirye mai baki ta ciki da ta waje. Ana kwance shi ya kwanta shafal a jaka, kuma ko ya faɗi ba ya birgima ya yi nisa kamar mai faifai. Nauyi kuma a duba, mai giram 15 zuwa 20 na siririn zare ne, mai giram 30 zuwa 40 ya fi wa matsakaici kuma ya fi wa mai koyo, mai nauyi sosai yana tsinka siririn zare tun murɗi bai gama kama shi ba.

Ulu ya fi auduga sauƙi a hanya, kuma dalilin tsawon sili ne. Silin auduga gajere ne, akasari santimita 2 zuwa 3 da ɗan wani abu, ga santsi, sai an zuba masa murɗi mai yawa kafin ya iya ɗaukar nauyin mazari, shi ya sa ake kaɗa ta da ƙaramin mazari mai juyawa a cikin ɗan kwano ba a rataye ba, kamar takli na Indiya mai sandar ƙarfe. A jirgin ƙasa mai tafiya sumul ana iya ɗora kwanon a cinya, a bas kuwa kowane rami sai ya fitar da bakin mazarin. Ulu silinsa ya fi tsawo, yana da lanƙwasa da wasu ƙananan ɓawo a jikinsa da ke sa shi kama juna. Ulun tumakin Merino kowa ke so saboda laushi, amma gajere ne cikin ulu kuma yana da santsi, mai koyo ya fara da irin na tumakin Corriedale wanda silinsa kan kai santimita 10, yana ba ka lokaci kafin ya kuɓuce. Ka riƙa barin tazara tsakanin hannayenka ta ɗan fi tsawon silin, in ka matso da su kusa kana riƙe da sili ɗaya kai da gindi sai ka ji ya ƙi jawuwa ka ɗauka ƙarfi ne ya gaza. Sannan kar ka dunƙule sutu da yawa a tafin hannu, zafi da gumi da gogayya su ne ke sa ulu ya kankame ya ƙi jawuwa, kuma mota a cike duk ukun tana da su. Tsinko ɗan kaɗan ka naɗa a wuyan hannu, sauran ya zauna a jaka.

Gefen da kake murzawa ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Yawanci ana kaɗa sili ɗaya ta gefen da hannun agogo ke bi, in an zo tufka biyu ko uku sai a juya ta ɗaya gefen, murɗin biyu su daidaita juna zare ya kwanta. In hankalinka ya tafi kan hira ka murza ta baya, warware abin da ka yi kake yi. Tufkar kanta ba ta mota ba ce, tana son fili da dunƙule biyu da ba za su sarƙe ba, a gida nake yinta, sannan in jiƙa zaren a ruwan ɗumi ba cuɗawa, in matse a tawul in shanya, a nan murɗin ke zama. Zaren da aka kaɗa a hanya ba ya rasa wuri mai kauri da wuri siriri, amma tufka tana gyara da yawa don sau tari kaurin wannan yana haɗuwa da sirantar wancan, abin da ya rage kuma a hula ko mayafin wuya kyau yake ƙarawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, hannu yana matse zare fiye da kima in mota na girgiza, saƙar cikin bas takan fi ta gida tsauri. Wanda ya saƙa ƙafa ɗaya a hanya ɗaya kuma a kan gado zai iya ganin ɗaya ta fi ɗaya girma. Ko dai a yi su duka a hanya, ko a riƙa yin su bi da bi, ɗan wannan ɗan wancan. Kuma a riƙa sakin yatsu ana miƙe su, in wuyan hannu ya fara zafi a ajiye, kar a ce sai an kai ƙarshen zagaye.

Su kuma abokan tafiya suna da haƙƙi. Zare mai zubar da gashi irin mohair ko angora ba na fita da shi, yana manne wa mutane a kaya kuma akwai wanda yake sa wa atishawa. Aikin ya zama wanda cikin daƙiƙa kaɗan ka tattare shi, don in tsoho ya shigo ko mai juna biyu ka iya miƙewa ba jan jiki. Tambayoyi kuwa za ka sha su, kuma ni ina jin daɗinsu, mutumin da da ba za ku ce wa juna uffan ba sai ga shi yana tambaya wai wannan abin mai juyawa mene ne, yara kuma ido suke zubawa har a sauka, da yawansu ba su taɓa sanin zare yin sa ake yi ba. Masu cewa aikin mata ne sai in ba su labarin tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca, inda maza ne ke saƙa huluna tun suna yara, har UNESCO ta karrama sana'ar tasu a 2005, ko ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya Tom Daley da aka nuno yana saƙa a cikin 'yan kallo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Akwai ma ranar saƙa a bainar jama'a ta duniya da aka fara a 2005, Asabar ta biyu ta watan Yuni.

An yi wani bincike da aka buga a 2013 a wata mujallar masu gyaran lafiya ta hanyar sana'a a Birtaniya, aka tambayi masu saƙa sama da 3,500, mafi yawansu suka ce suna samun natsuwa da farin ciki in sun yi, musamman masu yi akai-akai. Masu son abin ne aka tambaya don haka ba zan ɗauke shi magani ba, amma ya yi daidai da abin da nake ji a jikina. Cunkoso yana nan yanda yake, ba abin da tsinke ya rage masa, sai dai in mota ta tsaya cak ba na jin ƙirjina na tafasa kamar da, hannu na da abin yi, kuma na iso wurin aiki kaina bai cika da labaran waya ba.

Wanda bai iya ba kuma yake sha'awa, kar ya fara koyo a mota. A gida ake koyo, a yi ta yi har ya zama kana iya kallon talabijin ko hira hannu bai tsaya ba, sannan a fita da shi, a fara da lokacin jira a tasha kafin a kai ga cikin bas. Kaɗi ma haka, sai mazari ya daina yawan faɗuwa a ɗaki. Kuma a jefa ƙaramin kwarashi a jaka da fil mai makulli guda biyu ko uku, in ido ya zube kuma hanya ba ta da kyau kar a tsaya kokawa da shi, a soke shi da fil don kar ya ci gaba da warwarewa, in an samu wuri mai haske a jawo shi sama da kwarashi layi bayan layi.